Duwatsun Ɗantsoho Mai Rijiya

Ranar Alhamis, talatin ga watan Maris na 1989, saura kamar mako guda a kama azumi, Ɗantsoho ya fara haɗuwa da Safara'u. Haɗuwar ba ta ido da ido ba ce. Shi yana can ƙasan rijiyar Gagarawa Tasha yana yasa, ita kuwa tana sama da tulunta, ta leƙo tana tambaya wane malalaci ne ya hana mutane ruwa tun safe. Da ya ɗaga kai, abin da ya gani shi ne kai da ɗankwali a tsakiyar ɗan hasken bakin rijiya. Ita kuwa duhu kawai ta gani, duhu mai magana.

"Ke wace ce da za ki kira ni malalaci?"

"Mai kokon tasha ce. Kai fa? Aljanin rijiyar ne ko yaronsa?"

Safara'u bazawara ce a lokacin, bakinta kuma ya riga ya kori manema biyu. Ɗantsoho bai san haka ba. Ya dai ji mace ta tsaya tana sauraronsa, kuma kowane namiji yana da abin da yake fara fitowa da shi a irin wannan hali. Wani gonarsa, wani dangin uwarsa. Ɗantsoho ba shi da gonar kirki, danginsa kuma duk masu haƙa rijiya ne, saboda haka sai ya fito da duwatsu.

Daga ƙasan rijiyar ya ba ta labarin, muryarsa tana amsa-kuwwa. Ya ce yana ɗan shekara takwas ya bi mahaifinsa, Malam Hamza, can cikin dajin arewa da Sule Tankarkar, dab da iyakar Nijar, inda Fulani suka kira su haƙa rijiya. A nan, a fili fetal, ba gari ba ƙauye, ya ga duwatsu uku a tsaye kamar mutane. Ba wanda ya san wanda ya kafa su. Fulanin sun ce kakanninsu haka suka tarar da su. Babban cikinsu ya fi raƙumi da mahayinsa tsawo.

A ƙasar da ko dutsen niƙa sai an sayo daga Kazaure ko Damagaram, inda yaro zai girma har ya yi gemu bai taɓa tuntuɓe da abin da ya fi ɓawon goruba tauri ba, wannan magana ba ƙarama ba ce. Safara'u ta yi dariya har ta dafa tulu.

"Fito," ta ce, "in ga fuskar mai wannan ƙaryar."

Ya fito duk taɓo, gajere, mai faɗin kafaɗa. Ta dube shi sama da ƙasa ta ce to, aƙalla ƙaryar ta fi shi tsawo. Bayan Babbar Sallah ta wannan shekarar aka ɗaura musu aure.

Sunansa na yanka Habibullah, amma ba mai kiransa da shi. An haife shi mahaifinsa ya riga ya manyanta, sunan Ɗantsoho ya bi shi tun ranar suna. Bayan auren suka zauna a Sule Tankarkar, suka haifi 'ya'ya shida, huɗu suka rayu. Rijiyoyin da ya haƙa suna nan daga Gagarawa har Maigatari, wasu ana sha har yau. A sana'arsa ba a yi masa shaidar ha'inci ba. Aibinsa ɗaya ne, shi ma gado ne: bai iya haƙa komai ba sai a zagaye. Zai kafa turke, ya ɗaura igiya, ya ja da'ira, sannan ya shiga ya bi ta daidai ta kowane ɓangare, kamar yadda ubansa ya koya masa. Ramin shuka bishiya, zagaye. Ramin masai, zagaye. Sau ɗaya aka sa shi haƙan kabari, da wani maƙwabci ya rasu matasa ba sa nan. Da liman ya zo ya leƙa, sai ya tambaya ko a zaune za a binne marigayin. Daga ranar aka sallame shi daga maƙabarta, sai dai ya zo rakiya.

Labarin duwatsun kuwa bai taɓa barinsa ba. Ya faɗa a majalisa, ya faɗa a wurin suna, ya faɗa wa masu jan guga yana ƙasa suna sama, ba su da wurin gudu. Bai taɓa ƙara ko taƙi ɗaya ba, bai kuma taɓa ragewa ba: uku ne, a tsaye suke, babban ya fi raƙumi da mahayinsa. Tun ana musu da shi har aka daina. A kasuwar mako, idan dillali ya cika rantsuwa a kan akuya, sai mai saye ya ce masa kada ya kawo masa duwatsun Ɗantsoho. Har waɗanda ba su san Ɗantsohon ba suna faɗa.

An sha ce masa ya kai mutane su gani. Kullum da dalilinsa. Da rani aiki ya yi yawa, da damina hanya ba ta biyuwa, mahaifinsa da ya san wurin kuma ya rasu. Gaskiyar da bai faɗa wa kowa ba ita ce tsoro yake ji. Abin da mutum ya gani yana ɗan shekara takwas, idan duk gari ya shekara arba'in yana ce masa bai gani ba, wata rana shi ma sai ya fara tambayar kansa.

Da famfunan tuƙa-tuƙa suka yawaita, haƙan rijiya ya ja baya, ya koma yasa da ramin masai. Bai yi ƙorafi ba. Abin da ya karya shi ya faru ne da bazarar 2023. Maƙwabta biyu suka yi rikici a kan iyakar gona, iyakar kuwa wata tsohuwar rijiya ce da ta rufta, wadda shi ya haƙa da hannunsa. Mai unguwa ya aika aka kira shi. Ya sa rigarsa ta Juma'a ya je, ya faɗi inda rijiyar take dalla-dalla. Sai wanda shaidar ba ta yi wa daɗi ba ya gyara zama ya ce, "Ranka ya daɗe, kafin a karɓa, a tambaye shi tsawon duwatsun nan tukuna." Zaure ya ɗauki dariya. Mai unguwa ya yi kamar tari ne ya kama shi, sannan ya ce a nemo wani shaidan a ƙara.

Ya dawo gida ya tarar da Safara'u tana tace gasarar koko. Ya ba ta labari yana jiran ta zagi mutumin, don ta iya. Sai ta ce, ba tare da ta ɗago ba, "To ai ni ma da ni ce mai unguwar, Malam, sai na nemi ƙari."

Ya tsaya da rigar a hannu.

"Safara'u, shekara talatin da huɗu. Ko sau ɗaya kin taɓa yarda?"

"Na yarda kana ganinsu mana. A cikin kanka."

Ba da mugunta ta faɗa ba, har ta miƙo masa koko. Bai sha ba. Dariyar zaure ba ta dame shi kamar wannan ba. Gari ya daɗe da yanke masa hukunci, ya saba. Amma ashe matar da ya aura da labarin nan, wadda ta haifa masa 'ya'ya, ta ɗauke shi maƙaryaci tun daga bakin rijiya, ta dai ga maƙaryacin yana da daɗin zama ne. Ya ce mata idan an gama layya za su tafi, ita da shi, ta gani da idonta. Ta ce Allah ya kai mu, ta ji daɗi ma, rabonta da fita yawon Sallah tun tana budurwa.

Kwana biyu bayan Babbar Sallah suka kama hanya. Aminullahi, ƙanin Safara'u, shi ya kai su a amalankensa mai bijimai biyu. Tsakaninsa da mijin yayarsa wasa ne tun yana yaro, kuma ya ce ko kyauta zai je, don yana son ya kasance a wurin ranar da asirin Ɗantsoho zai tonu. Safara'u ta cika kwanon samira da soyayyen naman layya. Ɗantsoho ya ɗauki igiyarsa ta aiki, wadda ko ta'aziyya ba ya zuwa babu ita.

An yi ruwa biyu masu kyau kafin Sallah, gero ya tsiro, yashi ya kwanta. Suka wuce gonaki, suka wuce ƙauyukan ƙarshe, suka shiga makiyaya inda babu komai sai ɗanyar ciyawa da sabara da aduwa jefi-jefi, sama ta yi faɗi har ta yi yawa. Aminullahi ya kunna waƙa a wayarsa tun daga gida bai kashe ba. Can wayar ta yi ƙara, ya duba ya ce ta fara yi masa Faransanci.

"Mijin Yaya, ka kawo mu Nijar ba takarda. In jandarma suka kama mu, kai za ka yi bayani. Ka ba su labarin duwatsun, sa sake mu don tausayi."

Ɗantsoho yana ta duban gabas da yamma, ba abin da ya gane. Kowace jigawa kamar 'yar'uwarta. Sau biyu ya ce a karkata dama, sau biyu suka dawo kan sawunsu. Safara'u tana zaune a kan tabarma tana cin nama, tana nuna masa kowane gidan gara tana tambaya ko shi ne.

Rana ta take tsaka suka iso wata ruga. Wani dattijon Bafulatani mai suna Hamma Ya'u ya fito ya tarbe su, dogo, siriri, da sanda a kafaɗa. Bayan gaisuwa Ɗantsoho ya yi tambayarsa a hankali, yadda ko amsar ba ta yi kyau ba na kan amalanke ba za su ji ba.

"Duwatsu?" in ji Hamma da ƙarfi. "Na wasa wuƙa? Ai ga su can bayan jigawar nan. Guda uku."

Safara'u ta daina tauna. Ɗantsoho bai dube ta ba, don kada ta ga abin da ke fuskarsa. Ya wuce gaba da ƙafa, yana taku irin na ango, sauran suna biye. Ya hau jigawar, ya tsaya.

Uku ne, ba shakka. Kuma duwatsu ne na gaske, baƙaƙe, masu santsi. Biyu sun ɗan leƙo daga yashi kamar kujerun tsakar gida. Babban, wanda ya fi raƙumi da mahayinsa, ya kawo wa Ɗantsoho cibiya. Wata mata ta kife ƙwaryar nono a kansa tana shanya. Gindinsa duk kashin awaki, gefensa duk zane-zanen wasa wuƙa, wasu sababbi fil, na layyar shekaranjiya.

Safara'u ta iso. Ta zagaya shi sau ɗaya, ta zauna a kan ɗaya daga cikin ƙananan, ta gyara zani.

"Malam, raƙumin nan da kake faɗa, a durƙushe yake, ko an riga an yanka shi?"

Aminullahi ya faɗi a yashi yana riƙe ciki. Da ya farfaɗo ya sa Ɗantsoho ya tsaya kusa da dutsen ya ɗauke su hoto, sannan ya zaro wuƙarsa ya hau wasawa, ya ce kada a yi zuwan banza.

Ɗantsoho ya tsaya kamar an dasa shi na huɗu. Da ma bai same su ba, da ya ce ɓata suka yi. Yanzu ga su, ga Safara'u zaune a kan ɗaya tana sakace.

Hamma Ya'u ne ya yi magana, ba don ya taimaki kowa ba, sai don tsofaffi ba sa ganin abu su ƙyale. Ya ce shi da yana saurayi a inuwar babban yake fakewa da azahar. Yashi ne yake tafiya. Tun babban farin da aka yi, da itatuwa suka mutu, jigawar nan take matsowa kowace shekara, ta ci rijiyar da ke nan, yanzu tana cin duwatsun.

Ɗantsoho ya durƙusa ya damƙi ƙasar, ya murza, ya shinshina. Yashin iska ne, ba ƙasar asali ba. Ya miƙe ya ce a ara masa fartanya.

Duk manomin da aka ce ya duba zurfin abu a ƙasa, gefe ɗaya zai tona ya leƙa. Ɗantsoho ya kwance igiyarsa, ya sauke ƙwaryar matar, ya zarga igiyar a wuyan dutsen kamar turke, ya ja baya ya zana da'ira mai faɗi, dutsen a tsakiya.

Hamma ya ce, "Ba ka tona gefe ɗaya ba, bawan Allah, ka ga gindinsa?"

"Gefe ɗaya aikin gafiya ne," in ji Ɗantsoho, ya tofa yawu a tafi.

Ya shiga haƙa. Shekarunsa sittin da ɗaya, amma da fartanya ta shiga hannunsa sai ka ce an mayar da shi talatin. Yashin yana da danshin ruwan da aka yi, yana yankuwa kamar tuwo. Da ramin ya kai gwiwa ya ce a ba shi abin kwasa. Safara'u ta ce ita yawon Sallah ta zo, ba aikin gayya ba. Da ya kai ƙugu, ta juye naman a gefen gyalenta ta jefa masa kwanon samirar. Da ya kai ƙirji, ita ce a bakin ramin tana karɓa tana zubarwa, tana faɗa masa cewa duk abin da ya sami kwanon nan shi zai sayo wani.

Dutsen kuwa bai ƙare ba. Ana haƙa yana ƙara faɗi. Zanen wuƙaƙe ya ƙare, aka shiga wasu zane masu zurfi da faɗi, sun sha hannu har sun yi sulɓi, ba irin na wuƙar yanzu ba. Ƙasa da su kuma wasu ƙananan gurabu a jere. Hamma ya ce bai taɓa ganinsu ba. Aminullahi ya ce dara ce ta aljanu, su a tsaye suke yinta. Safara'u ta ce ya ɗauki hoto mana. Ya danna wayar, ta ƙi. Waƙar da ya sha tun safe ta cinye cajin.

Suka kwana a rugar, Safara'u ta ba da nama aka ba ta nono. Da gari ya waye, kafin a gama tatsa, Ɗantsoho ya koma ramin.

Hantsi ya yi sosai lokacin da ya miƙe don ya huta bayansa, ya ɗaga kai. Dutsen ya tafi sama, baƙi, kansa a cikin hasken rana, kamar yadda ya gan shi yana riƙe da gefen rigar mahaifinsa. Ashe ya gani ɗin. A gefen dutsen kuma, a bakin ramin, ga kai da ɗankwali. Wannan karon ba dariya take yi ba.

"Malam, fito haka nan. Na gani."

"Me kika gani?"

"Dutse."

"Wane iri?"

"Dogo. Fito."

"Ya kai raƙumi?"

"Ya kai raƙumi."

"Da mahayinsa?"

Da ta ce e, da magana ta ƙare a nan. Amma Safara'u ba ta taɓa sayen abu yadda aka yi masa kuɗi ba. Ta karkata kai ta auna da ido.

"In mahayin yaro ne."

Ɗantsoho ya sunkuya ya ɗauki fartanya.

Hamma ya yi magana, Aminullahi ma ya daina wasa ya yi magana. Bai ji ba. Ya bi da'irarsa daidai ta kowane ɓangare, yadda aka koya masa, har yashin ya ƙare ya shiga jar ƙasa mai tauri, wadda mutanen farko suka kafa dutsen a ciki. Ya ce yanzu ne ma aka zo wurin. Ya zagaya sau ɗaya, ya zagaya sau biyu. A na uku ya ga ƙasa tana ɗan motsi a gindin dutsen, kamar idon ruwa zai ɓullo. Ya san abin da wannan yake nufi, amma sanin ya zo a makare.

Dutsen bai yi gaggawa ba. Ya sunkuyo a hankali kamar tsoho zai yi ruku'u. Ɗantsoho ya yi tsalle ya manne a ɗaya gefen. Kan dutsen ya daki bangon ramin, ƙasa ta girgiza, bangon ya zubo gaba ɗaya. Da ƙura ta lafa, dutsen yana jingine, Ɗantsoho kuma an binne shi har wuya, hularsa ta rufe masa ido.

Aminullahi ya riga ya kai gindin amalanke, daga baya ya ce igiya ya je ɗaukowa. Safara'u kuwa ta zame cikin ramin da zaninta da komai.

"Habibullah!"

Bai taɓa jin sunan a bakinta ba, ba kuma wanda ya taɓa ji. Ta ture hular ta hau tonon yashin da hannu biyu, kwanon samirar yana ƙarƙashin dutsen ya zama faifai.

"Da mahayinsa! Ka ji? Da mahayinsa da matar mahayin da kayan ɗakinta! Tsohon banza, za ka mayar da ni bazawara sau biyu a kan dutse? Yi numfashi!"

Yashi ya cika masa baki, ƙirjinsa kamar an ɗora buhu goma, amma ya samu ya furzar ya ce, "Maimaita."

Ta mare shi a ka, ta ci gaba da tono.

Samarin ruga suka zo aka zarga masa igiyarsa a hammata aka jawo shi kamar guga. Ba abin da ya karye, sai ƙafa da ta gurɗe. Yana zaune yana haki Hamma Ya'u ya tsaya a kansa, sandar ta sauko daga kafaɗa.

"Kakannin kakanninmu a tsaye suka tarar da shi. Turawa sun zo sun ja iyakarsu sun tafi, yana tsaye. Fari ya kashe mana shanu, yana tsaye. Bijimai sun shekara ɗari suna susa a jikinsa. Sai kai, da fartanyar aro."

Ya ce ba mai barin wurin sai dutsen ya tashi. Aka ɗaure shi da igiyoyi, aka haɗa bijiman Aminullahi da na ruga biyu, samari suna tura ƙasa a gindi duk lokacin da ya ɗaga. Sai washegari da la'asar ya miƙe, shi ma ba sosai ba, ya ɗan karkata gabas. Aminullahi ya ce ai gyara aka yi masa, shekara da shekaru bai san alƙibla ba.

Sannan Hamma ya ce a cike ramin. Ɗantsoho ya roƙe shi, har ya kama gefen rigarsa, ya ce a bari ko mako guda ya kawo mai unguwa ya gani. Hamma ya ce maruƙansa ba su san mai unguwa ba, rami kawai suka sani. Ɗantsoho yana zaune da kumburarriyar ƙafa yana kallo aka mayar da yashin da ya kwashe, gurabun suka shige, manyan zanen suka shige, har dutsen ya dawo cibiya. Samarin sun yi aikin da zuciya ɗaya, har ya ɗan fi da gajarta. Matar nan ta zo ta mayar da ƙwaryarta.

Wajen faɗuwar wani ɓalli ya fita daga kan dutsen, kamar tafin hannu. Safara'u ta ɗauka ta ƙulle a gyale, ta ce a bakin kwanonta.

Da suka isa gida Aminullahi ya sa caji, kafin magariba hoton ya zagaya Sule Tankarkar: Ɗantsoho a tsaye fuska a murtuke, dutse a cibiyarsa. Aka yi dariyar da ba a taɓa yi ba. Duk wanda ya tambayi Aminullahi batun haƙan, sai ya ce shi shanunsa yake kula da su, bai ga komai ba. Ya riƙe wannan wasan har ƙarshe. Mai unguwa bai sake kiran Ɗantsoho shaida ba.

Abin mamaki, Ɗantsoho bai damu ba. Ya ma daina ba da labarin, don an karɓe masa. Safara'u ce ta ɗauka. Ta faɗa a layin injin niƙa, ta faɗa a gidan biki, ta faɗa wa masu sayen koko tun ba su tambaya ba. A bakinta dutsen ya fara da raƙumi da mahayinsa, kafin kaka ya kai dabino, da aka shiga sabuwar shekara ya wuce tankin ruwan sakatariya. Mata suka fara cewa zama da maƙaryaci ya yi mata illa. Idan tana faɗa a tsakar gida, sai a ji muryarsa daga zaure:

"Raƙumi da mahayinsa kawai, Safara'u. Kada ki ƙara."

"Kai yi shiru, Malam. Kana cikin rami, me ka gani?"

Ɓallin dutsen ta ajiye shi a gindin randa tana goge kaushi da shi, ta ce ba ta taɓa samun mai ci kamarsa ba. Da ciwon ƙirji ya kwantar da Ɗantsoho a ƙarshen 2024, likita ya hana shi taɓa ruwan sanyi, sai ta wanke dutsen da sabulu sau uku ta ajiye masa a gefen shimfiɗa, da shi ya riƙa taimama.

Ya rasu ranar wata Laraba a watan Fabrairu na 2025, aka binne shi a maƙabartar Sule Tankarkar, a kabari mai kusurwa huɗu. Igiyarsa tana wurin Aminullahi, yana ɗaure kaya da ita. Safara'u tana nan da ranta, tana sayar da koko a ƙofar gida, dutsen ya koma gindin randa. Makiyayan da ke shigowa kasuwa sun ce ƙananan biyun sun nutse, babban kuma yanzu bai wuce gwiwa ba.